Ɗan Tsere da Malaminsa a Fim: Darasi ga Ƙasar Noma ta Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Funtuwa ya ratsa Bakori ya nufi Malumfashi ya san tafiyar ba ta kusa ba ce. To, kusan irin wannan nisa ne 'yan gudun yada-ƙanin-wani suke ci da ƙafa, watau kilomita 42 da mita 195, kuma gwanayen cikinsu sukan gama cikin awa biyu da 'yan mintoci. Irin waɗannan mutane sun daɗe suna jan hankalin masu shirya fim a Amurka da Ingila da Indiya da Habasha, har aka sami wani rukuni na fina-finai da aka gina kan rayuwar 'yan tsere na haƙiƙa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wasu daga cikin fina-finan nan, a ga abin da suke faɗa, da inda suke kauce wa gaskiya, sa'an nan a auna amfaninsu ga ƙasar noma irin ta kudancin Katsina.

Abu guda ne laccar za ta tsaya a kai. Mai kallo yakan ɗauka labarin ƙafa da huhu ake ba shi, alhali kuwa labarin malami da almajiri ne. Ƙauye yakan haifi yaro mai juriya, amma sai an sami mai idon gane shi, wanda ya san yadda zai hore shi ba tare da ya karya shi ba, kafin ya zama gwani.

Dalilin da ya sa fim yake neman malami

Gudu mai nisa abu ne mai wuyar nunawa a majigi. A dambe ko kokawa akwai mutum biyu, ga kai hannu, ga kaucewa, ga faɗuwa, ido yana ganin kome. Shi kuwa ɗan tseren mita 10,000 zagaye 25 zai yi a fili ɗaya, kuma yaƙin da yake yi a cikin ƙirjinsa yake, ba a ganinsa. Saboda haka dole mai shirya fim ya nemo wani mutum na biyu wanda za a yi magana da shi, a yi gardama da shi, don abin da ke ɓoye a zuciyar ɗan tsere ya fito fili. Wannan mutum shi ne mai horarwa, wanda 'yan wasan zamani suke kira koci.

Fim ɗin da ya shimfiɗa wannan tafarki a idon duniya shi ne Chariots of Fire, wanda Hugh Hudson ya shirya a Ingila a 1981, ya kuma ci kyautar Oscar huɗu. Ko da yake 'yan gajeren tsere ya shafa, watau Harold Abrahams da Eric Liddell waɗanda suka ci zinariya a wasannin Olamfik na Paris a 1924, a cikinsa ne aka ga siffar malamin da fina-finan baya suka yi ta maimaitawa. Sam Mussabini dattijo ne mai karɓar lada kan aikinsa, a zamanin da manyan jami'a suke ganin ɗaukar mai horo da kuɗi abin kunya ne. A ranar tseren fim ya nuna shi zaune a ɗakin masauki, bai shiga fili ba, sai da ya ji taken ƙasarsu ta taga ya san almajirinsa ya yi nasara. Aikin malami ke nan: ya gama nasa kafin a busa usur.

Abebe Bikila da Onni Niskanen

Ga mutumin Afirka, labarin ya fara ne daga Habasha. An haifi Abebe Bikila a 1932 a ƙauyen Jato, ɗan makiyayi ne, ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie. A can ne ya haɗu da Onni Niskanen, mutumin Suwidin da gwamnatin Habasha ta ɗauka don koyar da motsa jiki. Ran 10 ga Satumba 1960 Abebe ya ci gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a birnin Rum, ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinariyar Olamfik, kuma a babban birnin ƙasar da ta mamaye Habasha a 1935. Bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokiyo cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, alhali kuwa bai fi mako shida da yi masa aikin tiyata a ciki ba.

Jaridun Turai na lokacin sun so su mai da abin baiwa ce kawai ta mutumin daji wanda ya saba gudu ba takalmi. Wannan kuskure ne, kuma akwai raini a cikinsa. Niskanen ya kai 'yan wasansa sansani, ya haɗa musu doguwar tafiya a kan tuddai da gajerun tsere masu maimaituwa, yana riƙe da agogo yana rubuta lokaci. Kafin ranar tsere shi da Abebe sun bi hanyar birnin Rum sun nazarce ta. Shaidar cewa horo ne ba sa'a ba ita ce, a 1968 wani almajirin Niskanen, Mamo Wolde, shi ya ci wannan tsere a Meziko.

A 2009 Rasselas Lakew, ɗan Habasha, tare da Davey Frankel suka fito da fim mai suna Atletu, Rasselas kuwa shi ya fito a matsayin Abebe. Abin lura shi ne ba su tsaya kan ranakun nasara ba. Sun fi ba da ƙarfi ga haɗarin motar da ya yi a 1969 wanda ya shanye masa ƙafafu, da yadda ya koma harbin baka daga kan keken guragu, kafin rasuwarsa a 1973 yana da shekara 41. Fim ɗin yana koyar da cewa juriyar da aka koya a fili ba a fili take ƙarewa ba.

Garin manoma mai fid da gwanaye

Fim ɗin da ya fi kusa da rayuwar Funtuwa da Malumfashi shi ne Town of Runners, ma'ana garin 'yan tsere, wanda Jerry Rothwell ya fitar a 2012. Ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar mutane ce aka bi aka ɗauka har shekara uku a Bekoji, wani ƙaramin gari na manoman alkama da sha'ir a lardin Arsi na Habasha. Daga wannan gari Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci mita 10,000 a Barcelona a 1992, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta sami zinariyar Olamfik. Daga nan ne kuma Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. Dukansu sun bi ta hannun mutum ɗaya, Sentayehu Eshetu, malamin motsa jiki a makarantar garin.

Kayan aikin wannan malami ba su wuce usur da agogo ba. Da asuba samari da 'yan mata sukan taru a dajin itacen turare da ke gefen gari, ya jera su suna hawa tudu suna sauka, suna kewaya itatuwa, shi kuwa yana tsaye yana lura da wanda numfashinsa ya daidaita da wanda ƙafarsa take faɗuwa daidai. Fim ɗin ya bi 'yan mata biyu, Hawii da Alemi, tun suna gida suna taya iyaye aikin gona har aka ɗauke su zuwa ƙungiyoyin wasa na wasu garuruwa. A nan ne gaskiyarsa ta fito: ya nuna sansanin da ba isasshen abinci, da alkawuran hukuma da ba a cika ba, da ciwo, da kewar gida. Malami yana iya tono gwani, amma in ba hukumar da za ta karɓa daga hannunsa, aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando.

Haka labarin Haile Gebrselassie yake a fim ɗin Endurance, inda shi da kansa ya fito a matsayin kansa. Ɗan manomi ne daga wajen Asella, yakan yi gudun kilomita goma zuwa makaranta da littattafai a hammata, har ya girma hannunsa na hagu yana lanƙwashe in yana tsere. Mahaifinsa bai ga amfanin gudu ba, gona da karatu ya sani. Fim ɗin ya ƙare da zinariyar da ya ci a mita 10,000 a Atlanta a 1996. Gardamar uban da ɗan kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a gidan noma, inda kowane hannu yake da rana a lokacin shuka da girbi.

A Amurka ma an yi irin wannan fim, McFarland, USA, na 2015, wanda Niki Caro ta shirya, Kevin Costner ya fito a matsayin malam Jim White. 'Ya'yan 'yan ƙodagon gona ne 'yan asalin Meziko a jihar Kalifoniya, masu tashi da asuba su yi tsinkar amfanin gona kafin su tafi makaranta. Malamin ya lura cewa yaron da ya jure wa rana da sunkuyo tun yana ƙarami ya riga ya mallaki rabin abin da ɗan tsere yake bukata. Ya hore su, suka ci gasar jihar a 1987, makarantar kuma ta ci gaba da cin ta har sau tara a hannunsa.

Gardamar malami da almajiri

Ba kullum ne ake zaman lafiya tsakanin mai horo da wanda ake horarwa ba. An yi fim biyu kan Steve Prefontaine na Amurka, ɗaya a 1997, ɗaya kuma mai suna Without Limits a 1998, wanda Robert Towne ya shirya, Donald Sutherland ya fito a matsayin malaminsa Bill Bowerman na Jami'ar Oregon. Shi yaron yana ganin mazantaka ita ce a shige gaba tun farko a ja tsere da iyakar ƙarfi. Malamin kuwa yana nuna masa cewa na gaba shi ke sarar iska, na bayansa yana hutawa a inuwarsa, don haka a adana ƙarfi sai zagayen ƙarshe. A Munich a 1972, a mita 5,000, Prefontaine ya kai hari tun da sauran tafiya, ƙarfinsa ya ƙare dab da layi, ya zo na huɗu a bayan Lasse Viren da Mohammed Gammoudi na Tunisiya da Ian Stewart. Ya rasu a haɗarin mota a 1975 yana da shekara 24.

Bowerman ya shahara da ƙa'idar da ta zama ginshiƙin horo a ko'ina: ranar wahala, sai ranar sauƙi ta biyo. Dalili kuwa shi ne jiki ba a lokacin gudu yake ƙaruwa ba, a lokacin hutu ne tsoka take gyara abin da ya yage ta ƙara kauri. Wanda ya matsa wa yaro kullum ba hutu, rauni zai girba. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda horo ya zama zalunci

Masu kallon Hausa sun daɗe da sabawa da fina-finan Indiya, kuma daga can ne gargaɗi mafi tsanani ya zo. Fim ɗin Budhia Singh: Born to Run na 2016 labarin wani yaro ne ɗan talakawa a jihar Odisha, wanda wani malamin judo mai suna Biranchi Das ya ɗauka ya riƙe. A 2006, yaron yana da shekara huɗu kacal, ya yi gudun kilomita 65 daga Puri zuwa Bhubaneswar cikin kimanin awa bakwai, jama'a suna tafi. Likitoci da hukumar kula da yara suka ce wannan cutarwa ce, aka hana shi dogon tsere. A 2008 aka harbe malamin ya mutu, yaron kuwa bai zama gwanin da aka yi ta yi wa kirari ba.

Tambayar da wannan fim ya ajiye mai nauyi ce. Mutumin da ya tsamo yaro daga yunwa, ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, shin yana da ikon ya mai da jikinsa jari? Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, jikinsa kuma bai iya fid da zafi kamar na babba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ne kuma ya fi saurin tsagewa. Duk al'ummar da take ba malami amanar ɗa ta ce ga shi nan, ya kamata ta tsaya ta yi tunani a nan.

Fim ba tarihi ba ne

Wajibi ne ɗalibi ya rarrabe tsakanin abin da ya faru da abin da aka nuna. A Chariots of Fire an nuna Liddell yana shirin shiga jirgin ruwa ne ya ji cewa tseren mita 100 ya faɗo ran Lahadi, ranar da addininsa ya hana shi wasa. A haƙiƙa ya san haka watanni kafin tafiya, ya kuma yi ta shirin mita 400, wanda ya ci. A McFarland, USA an nuna Jim White baƙo ne da ya sauka garin a 1987 ya yi nasara a shekarar. A haƙiƙa tun 1964 yake koyarwa a can, kuma ya yi shekaru yana gina ƙungiyar kafin ta ci kome.

Waɗannan canje-canje duk hanya ɗaya suka nufa: suna gajarta lokaci. Aikin shekara goma akan matse shi cikin waƙa ɗaya ta minti uku, ana nuna yaro yana gudu rana tana fitowa tana faɗuwa. Haɗarin wannan ga ma'aikacin hukuma shi ne ya ɗauka cewa in an ware kuɗi bana, za a ga lambar zinariya baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na biyu da fim yake ɓoyewa shi ne yawan waɗanda ba su kai ba, domin a bayan kowane gwani akwai ɗaruruwan da suka yi horo ɗaya da shi suka koma gona.

Komowa gida

To, mene ne rabon Funtuwa da Malumfashi a cikin wannan? Da farko a faɗi abin da babu. Bekoji tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,800 daga teku, inda iska ba ta da kauri, jiki kuma yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu da numfashi. Ƙasar Funtuwa ba ta kai mita 1,000 ba, ga zafin bazara. Wannan ne ya sa mafi yawan 'yan dogon tseren Nijeriya suke fitowa daga tuddan Filato, wajen Jos da Pankshin. Amma tudu ba shi ne kome ba: McFarland a kwari take, mai zafi da ƙura.

Abin da akwai kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai yara masu tafiyar ƙasa zuwa gona da makaranta da kasuwa. Akwai masara, wadda tuwonta ne babban abincin gwanayen Kenya. Akwai sanyin hunturu bayan girbi, lokacin da hannu ya sami sauƙi, wanda tun asali shi ne lokacin dambe da kokawa. Akwai kuma tarihi, domin juriyar ƙafa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: ga zagage a gaban dokin sarki, ga fatake masu zuwa Gwanja, ga 'yan ci-rani, ga wasan langa. Nijeriya ta taɓa samun Abbas Mohammed, wanda ya yi gudun yada-ƙanin-wani cikin awa 2 da minti 16 a 1990, bajintar da ta yi fiye da shekara talatin ba ɗan ƙasa da ya wuce ta. Da aka fara babban tseren birnin Ikko a 2016, baƙi daga Kenya da Habasha ne suka kwashe manyan kyaututtukan.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne Sentayehu na gida, watau malamin motsa jiki da aka horar, aka ba shi agogo, aka bar shi shekara ashirin a makaranta ɗaya, da gasar makarantu da ba ta yankewa, da littafin da ake rubuta sunan yaro da lokacinsa. Wannan bai kai kuɗin gina babban filin wasa ba. Jamhuriyar Nijar ta nuna abin da tsari yake yi: tun da ta kafa gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wasan ƙauye ya zama abin da ƙasa duka take tsayawa ta saurara.

Sai kuma batun ajiye labari. Shago ɗan dambe ya daɗe da barin fage, amma sunansa yana nan saboda Ɗan Anace ya waƙe shi. Funtuwa gari ne da Alhaji Mamman Shata ya zauna, don haka mutanenta sun san abin da waƙa take yi wa suna. Fim ma ba baƙo ba ne, tun zamanin majigi da ake kewaya ƙauyuka da Baban Larai ana koya wa manoma noman auduga. Fina-finan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990 sun fi karkata ga soyayya da zaman aure da sarauta. Ga fili nan a buɗe ga mai so ya ɗauki labarin ɗan manomi da malaminsa, muddin zai faɗi gaskiyar shekarun da abin yake ci. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kammalawa

An ga cewa fina-finan 'yan dogon tsere, daga Abebe Bikila zuwa yaran McFarland, kusan duk a gona suke farawa, kuma malami ne gadar da take tsakanin gona da fili. An ga malamin da ya san haƙuri, an ga wanda son suna ya rufe wa ido, an kuma ga yadda fim yake gajarta shekaru don ya faranta wa mai kallo. Ga ɗalibi, darasin shi ne ya kalla da idon nazari, ya tambayi abin da aka cire. Ga ma'aikacin ilmi ko na wasanni, darasin ya fi haka nauyi, domin takardar da ya sa wa hannu ita ke tura malami ƙauye ko ta ɗauke shi. Yaron da yake gudu da asuba tsakanin kunyoyin masara a Bakori ko Ƙafur don kada ya makara, ba wanda ya san iyakar abin da ke ƙirjinsa sai ranar da wani ya tsaya a bakin hanya da agogo a hannu.